Kwalbar Man da Inna Ta Bari

A garin Dutsen Kurciya an yi wata budurwa, Tasallah, wadda ta ɗauko fuskar mahaifiyarta kamar an tsaga kara. Da uwar ta rasu, abin da ta bar mata kwalbar man kaɗe ce mai kauri, haɗe da turare. Kullum safe Tasallah sai ta lafta shi a fuska, ta zauna gindin lemo tana kuka, don ƙamshin na Inna ne. Kafin sadakar arba'in ƙuraje sun feso mata. Kakarta, Iya Hansai, wadda a fuskar nan take ganin 'yarta, ta koma kawar da kai in sun haɗu.

Wata safiya Hawainiya ta leƙo daga reshe ta ce, "Ke 'yar nan, kukanki ya hana ni canja launi kwana uku. Ni kuwa duk garin nan babu wanda ya kai ni sanin fata. Makarantar ce dai ban ƙarasa ba, malamin ya gaji da ni. In ba ki labarin Ɗantani majemi?"

Tasallah ta ce, "Ina ji, Goggo."

Hawainiya ta ce:

Ɗantani ya gaji tukunyar mai daga ubansa, wanda da shi tsohon yake lausasa ƙirgi, fatar bijimi mai tauri. Don kewa, kowace fata aka kawo da shi yake shafe ta. Ran nan matar wani maharbi da ya rasu ta kawo fatar barewa, farautar mijinta ta ƙarshe, a yi mata buzun salla. Ɗantani ya jiƙe ta da man nan. Fata ta yi baƙi, gashi ya zube.

Matar ta zo ta gani, ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna ta ce, "Malam, ka ji abin da ya sami Ƙadangare?"

Ya ce, "A'a, Baiwar Allah."

Ta ce, "Ƙadangare da Kwaɗo aminai ne. Kwaɗo ya mutu, Ƙadangare ya bar katanga ya tare cikin taɓon abokinsa, wai a nan yake jin ɗuminsa. Kwana bakwai jikinsa ya ruɓe da gyambo. Uwar Kwaɗo ta zo wucewa ta dube shi ta ce, 'Abokin ɗana a kan katanga na san shi, yana gyaɗa kai. Wannan ban san shi ba.'"

Matar ta naɗe fatar barewar ta ce, "Kewar ubanka ta cinye min abin da ya rage na mijina."

Ɗantani ya bi ta da ido.

Hawainiya ta gyara kama reshe ta ce, "To ke, fatar Innarki busasshiya ce, mai mai kauri take sha ta gode. Taki mai maiƙo ce. In kina musu, wanke fuska ki jira awa guda. In ta ɗaure tana fari-fari, na yi ƙarya, ki jefe ni. In goshi da hanci suna ƙyalli, mai ruwa-ruwa mara nauyi ne naki."

Tasallah ta wanke, ta jira. Goshi ya yi ƙyalli.

Ta rungume kwalbar ta ce, "In na daina, kamar na sake binne ta ne."

"Wa ya ce ki yar? Buɗe ki shinshina, ƙamshi ba ya kawo ƙuraje. Amma fuskar nan ba taki ce ke kaɗai ba. Tsohuwa ba ta da wani hoton 'yarta sai ke."

Tasallah ta ce, "Na ji, Goggo."

Bayan wata biyu ƙuraje suka baje, sai tabo ɗaya a kumatu da ya ƙi tafiya. Tana kai wa Iya Hansai koko, tsohuwa ta ɗago, ta riƙe haɓarta, ta kira ta da sunan marigayiya.

Tasallah ba ta gyara mata ba. Ta ce, "Na'am, Iya."