Rabon Hassan da Rabon Hussaini

Ashraf mutum ne mai gaggawa. Ban taɓa ganin wanda gaisuwa ke ƙona wa rai kamarsa ba. In ka ce masa ina kwana, kafin ka kai ga ina gajiya ya riga ya sha kwanar lungu. Maƙwabcina ne a unguwar Kambarawa ta Katsina, shi ya sa na san labarinsa tun daga tushe, kuma har yau in na tuna abin da ya faru sai tsigar jikina ta tashi.

A Omdurman ta ƙasar Sudan aka haife shi, haka ma mahaifinsa, marigayi Aliyu. Kakansa, Malam Hussaini, shi ne Bakatsine. Yana saurayi ya bar gida da ƙafa zai je aikin Hajji. Ya sauke farali, a hanyar dawowa ya tsaya Sudan neman guzuri, ya yi aure, bai sake ganin ganuwar Katsina ba har Allah ya karɓi ransa. Da yaƙi ya ɓarke can, Ashraf ya ɗauko mahaifiyarsa Hajara da 'yarsa Iklima, wadda uwarta ta rasu tun tana ƙarama, suka biyo ta Chadi har suka iso garin kakansu. Takardunsu duk sun ƙone tare da gidansu. Abin da suka tsira da shi kawai tufafin jikinsu, da Hausarsu mai gauraye da Larabci, da wani tsohon hoton Malam Hussaini da Hajara ta ƙulle a gefen mayafinta.

Iklima yarinya ce mai ƙwaƙwalwa. Ta yi shekara biyu tana karatun aikin jinya kafin yaƙi ya tarwatsa makarantar. A nan Katsina aka ce za a ɗauke ta, amma sai ta kawo takardar shaidar asali da katin ɗan ƙasa, kuma saura mako shida a rufe karɓar takardu. Wannan karatu shi ne abu ɗaya da ya rage wa gidan na sa rai.

Ashraf ya je ofishin da ake ba da takardar. Ma'aikacin ya saurare shi da kyau, ya ce, "Malam, ban ƙaryata ka ba. Amma Hussaini nawa ne a Katsina? Ka nemo gidanku. In wani dattijo ya shaide ka, mai unguwa ya sa hannu, sauran aikin ba shi da wuya. Ka shiga cikin gari ka riƙa tambayar tsofaffi."

Kwana biyu Ashraf ya yi yana tambaya, ya gaji. Tsoho zai ce ya zauna, ya tambaye shi hanya, ya tambaye shi mutanen Sudan, ya yi addu'ar zaman lafiya, shi kuwa yana ta duba agogo. A rana ta uku ya ce mini, "Malam, mutanen nan ba su san darajar lokaci ba." Na ce masa ai wanda ke neman gidan da aka bari shekara kusan tamanin bai kamata ya ji haushin minti goma ba. Ko kallona bai yi ba.

Ita kuwa Hajara kasuwa ce makarantarta. Kullum da hantsi sai ta je. Da farko komai baƙo ne gare ta. Ba ta san tiya ba, ba ta san kashin tumatir ba, kuɗin ma sai ta juya su ta duba hoton da ke jiki. A hankali ta gano inda ake samun busasshiyar kuɓewa irin wadda ta saba da ita, da rumfar da ake sayar da farar dawa mai kyau, wadda take jiƙawa ta yi irin wainar nan tasu ta Sudan mai faɗi da laushi. Rumfar ta Malam Bala mai hatsi ce. Ashraf ne ke raka ta, kuma rakiyarsa azaba ce. Da ta fara gaisawa da mai rumfa sai ya ɗauki buhu ya yi gaba, dole ta katse ta bi shi.

Akwai wata ɗabi'a da take yi wadda ta fi komai ba shi haushi. Duk tiyar da aka auna mata, sai ta ɗebi cikin tafin hannu ɗaya ta mayar wa mai rumfa, ta ce a ba mabuƙaci. Ashraf yakan ce, "Umma, mu ne mabuƙatan yanzu. Wa ya fi mu?" Ita dai gobe ma sai ta sake.

Mako uku suka wuce. Wata rana a bakin ofis wani mutum mai jakar takardu ya ja Ashraf gefe. Ya ce shi ba ma'aikaci ba ne, amma ya san hanya. Akwai wani mamaci a wani ƙauye da ba shi da kowa, za a rubuta Ashraf a matsayin ɗansa, Iklima jikarsa, a kawo takarda da hatimi cikin kwana biyu. Ashraf bai shawarci kowa ba. Ya karɓi takardar, ranar Laraba da safe ya ɗauki Iklima suka je wurin yin katin ɗan ƙasa, aka ɗauki hotonsu, suka dangwala yatsu goma-goma. Yarinyar ta ga baƙon suna a takarda ta tambaya, ya ce ta yi shiru, ya san abin da yake yi.

A wannan safiyar ce Hajara ta je kasuwa ita kaɗai karo na farko. Ba mai jan ta. Ta gaisa da Malam Bala har gaisuwa ta ƙare don kanta, ya tura mata benci ta zauna. Ya auna dawa, ta ɗebi tafinta ta miƙa masa. Sai ya riƙe hannunsa bai karɓa ba.

"Inna, ki gahwarce ni. Na daɗe ina son in tambaye ki, ɗanki ba ya bari. Mi ya sa kullum kike cire wannan?"

Ta ce, "Rabon Hassan ne."

"Wane Hassan?"

"Ni ma ban san shi ba, ɗana. Surukina tagwaye ne su. Ranar da zai bar garin nan suka yi alkawari da ɗan'uwansa, duk wanda ya auni hatsi ya cire tafi ɗaya ya yi wa ɗaya sadaka, har Allah ya sake haɗa su. Shi ya koya mini da aka kawo ni gidansa. Da zai rasu ya ce kada a daina."

Malam Bala ya miƙe tsaye bai sani ba. Ya shiga cikin rumfa ya fito da wata tsohuwar ƙwarya da ta sha ɗinki, dawa da gero sun kai rabinta. Ya nuna mata ya ce, "Inna, kin ga wannan? Tun zamanin babana take nan. Akwai gida ɗaya a Ƙofar Sauri, gidan Malam Babaji. Duk wanda suka aiko awo sai ya cire tahi ɗaya ya zuba nan, ya ce rabon Hussaini. Na ɗauka mamacinsu ne."

Ya rufe rumfa da rana tsaka, abin da maƙwabtansa suka ce bai taɓa yi ba. Hajara ta kira ɗanta a waya, ni kuma na ɗauke shi da Iklima a motata muka same su a gidan Malam Babaji, inda Malam Bala ya kai ta.

Malam Babaji ɗan Hassan ne, ya haura tamanin, yana zaune a zaure bisa buzu. Hajara ta kwance gefen mayafinta ta miƙa masa hoton. Ya kusantar da shi ga idonsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wa ya ba ki hoton babana? Babana bai taɓa sa rawanin nan ba." Aka ce masa ba babansa ba ne. Sai tsohon nan ya fashe da kuka kamar yaro. Ya ce yana da shekara huɗu aka fita da shi rakiyar Hussaini har bakin ƙofar gari, kuma mahaifinsa har ya tsufa in ya ji an ce ayarin alhazai ya dawo sai ya sa takalmi ya fita. Kafin la'asar zauren ya cika, mata na leƙowa daga cikin gida, sai kabbara kake ji ta ko'ina. Ni kaina na yi hawaye. Gida biyu, tsakaninsu hamada da ƙasashe, ba wasiƙa ba saƙo, kowanne yana ciyar da baƙi da sunan ɗaya shekara kusan tamanin. Na ga ikon Allah a ranar nan da idona.

Da aka natsu Hajara ta faɗi matsalar karatun Iklima. Malam Babaji ya share fuska ya ce, "Wannan ai ba komi ba ne. Mai unguwa ɗan abokina ne. Gobe da sahe mu tahi, ni da ƙahwata zan je in shaida. A rubuta Ashraf ɗan Aliyu ɗan Hussaini."

Ashraf bai ɗago kai ba. Da ƙyar ya ce, "Baba, na riga na yi. Yau da safe. Da wani suna."

Tsohon ya karkato kunne. "Wa ka ce masu ya haihe ka?"

Ashraf ya buɗe baki, sunan bai zo ba. Sai da ya laluba aljihu ya ciro takardar ya karanta.

Malam Babaji bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Shekara tamanin muna jiran jikan Hussaini. Ya iso awa biyar bayan ya zama jikan wani."

Dattijon ya cika alkawari. Ya je ya shaida, takardar gaskiya ta fito cikin kwana tara, saura mako guda da 'yan kwanaki a rufe karɓar takardu. Amma ba ta yi amfani ba, domin yatsun Iklima sun riga sun shiga na'ura da sunan wani kaka, sunayen biyu suka ƙi haɗuwa. Sai da aka je kotu aka yi rantsuwa, aka yi bincike, Ashraf ya amsa laifinsa a gaban hukuma, mai jakar nan kuwa an neme shi an rasa. Wata bakwai gyaran ya ci. Ranar da aka rufe karɓar takardu Iklima ta zauna a tsakar gida da takarda biyu a cinyarta, ta gaskiya da ta ƙarya. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi mahaifinta ta ce, "Abba, da ka raka Kaka kasuwa ka bar ta ta gama gaisuwa sau ɗaya, da yau ina aji."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gaggawa kan sa mutum ya sayi ƙarya alhali gaskiyarsa tana dab da isowa. Wanda ya zo baƙunta ya bi hanyar da hukuma ta shimfiɗa ko da ta yi tsawo, kada ya yarda a rubuta shi da sunan da ba nasa ba, domin abin da aka dangwala wa yatsa cikin minti ɗaya yakan ci watanni kafin ya gogu, kuma sau da yawa 'ya'ya ne ke shan wahalar. Kada kuma a raina gaisuwa, da zama da mutane, da ƙananan alkawuran da iyaye suka bari. Tsohuwar da ta riƙe su ita ta kai iyalinta ƙofar gidansu.