Waken da Rufa'i Ya Shigar Ƙuryar Ɗaki

A Kaura Namoda an yi wani ɗan kasuwar hatsi mai suna Rufa'i. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Yana sallah a kan lokaci, kuma bai taɓa tauye wa kowa mudu ba. Ciwonsa ɗaya ne, tsoron talauci. Tun ranar da 'yan bindiga suka kore su daga Kurya Madaro, suka cinna wa rumbunan mahaifinsa wuta yana kallo, tsoron nan ya shige shi bai fita ba. Ko tuwo yake ci, hankalinsa na kan na gobe. Idan kuwa tsoron ya motsa, kunnensa toshewa yake yi, ba ya jin maganar kowa.

Yana zaune a gidan haya, ciki da falo, shi da matarsa Mairama, 'yar Gurbin Bore, da ɗiyarsu guda, Zulaihat, mai shekara huɗu. Yarinya ce mai surutu. Da ya yi sallama sai ta ruga ta zura hannu a aljihunsa tana neman dabino, in ba ta samu ba ta ce sai ya koma kasuwa.

To, sai aka shiga shekarar nan ta tsada, wadda mudun gero ya gagari talaka. Da damina ta yi tsakiya, gidaje da yawa tafasa da ƙuli suke kwaɗawa su kwana. Shi Rufa'i yana da rufin asiri. Tun da kaka ya sayo buhu ashirin na wake a kasuwar Shinkafi, ya jibge a sitonsa na kasuwa yana jiran farashi. Farashin ya tashi, ya ƙi sayarwa. Ya ƙara tashi, ya ce da saura.

Wata rana da hantsi Rufa'i da abokansa suna zaune a rumfa, sai maƙwabcinsa Ado, ɗan kabu-kabu, ya kunna musu wani saƙon murya da aka turo masa a waya. Wani ne da ba wanda ya san shi yake ta rantsuwa. Wai naira ta kusa zama takardar ƙunshe ƙosai, wai bankuna za su rufe, wai ranar zanga-zangar tsadar rayuwa da ake ta shiri duk siton da aka gani fasa shi za a yi.

Ado ya kashe wayar ya ce, "Ni ko an ruhe banki, mi yas shahe ni? Ban taɓa shiga ciki ba sai in ruwa ya tare ni bakin ƙohwa."

Aka yi dariya. Sai ya juya ya dafa kafaɗar Rufa'i.

"Kai dai Alhajin wake, in anka tashi hwasa sito da naka za a hwara. Ni ba ni da haɗama, buhu guda nika so, in ɗora bayan mashin."

"Bari wannan wasa, Ado."

"Ji shi! Har ya yi zuhwa!"

Kowa ya ɗauke ta wasa, ban da Rufa'i. Ya dubi fuskokin mutanen da ya shekara biyar yana cin abinci kwano ɗaya da su, sai ya ga kamar duk sitonsa suke kallo.

Kwana biyu kafin zanga-zanga, bayan sallar asuba ana yayyafi, ya ɗauko motar a-kori-kura daga wata unguwa, aka kwaso waken an rufe da tamfal. Ya sa Mairama ta fito da gado da akwatuna daga ƙuryar ɗaki, aka jera buhuna har kusa da rufi. Su kuma suka dawo kwana a falo. Tsakanin falon da ƙuryar babu ƙofa, labule ne kawai. A kasuwa ya ce wa mutane ya sayar wa 'yan kudu.

Wajen kwasar kayan ne ya ga abin da ya tayar masa da hankali. Ƙwari sun fara cin waken, wasu buhunan har gari suke zubarwa. Bai karya kumallo ba ya nufi shagon Alhaji Abdulhamid, dattijon da ke sayar da maganin gona, ya ce a ba shi ƙwayar nan ta kashe ƙwarin hatsi. Yadda 'yan kasuwa ke yi da ita kowa ya sani. Ana ƙunshe ƙwaya a tsumma a cusa tsakiyar buhu a ɗaure, a kulle sito a yi nisa da shi kwanaki, domin iskar da take fitarwa ita ce ke kashe ƙwarin.

Alhaji ya ɗauko gwangwanin, amma bai sake shi ba.

"Rufa'i, ba kai anka ce ka saida wakenka ba?"

"Na wani ne, Baba. Aike na anka yi."

"To, ka hwaɗa ma mai shi, wanga abu ba a kai shi inda mutum ka kwana. Ko akuya ba a ɗaurewa kusa. Yanzu damina ce, da ya ji danshi da sauri shika tashi. Ka ji ni?"

"Na ji, Baba."

"Ban ga alama ba. Sake hwaɗa min abin da nic ce."

Rufa'i ya maimaita masa yana murmushi, ya karɓa ya tafi. A hanya ya riƙa lallashin kansa. Ai kwana biyu ne kawai, kafin gari ya lafa. Ai buhunan a ɗaure suke. Ai dattawa sun cika tsoratar da mutane.

Da ya isa gida, inda ake sa ƙwaya ɗaya sai ya sa biyu, don aikin ya yi sauri. Sannan ya tuna abin yana da wari, maƙwabta za su iya shaƙa su gane. Sai ya rufe tagar ƙurya da ta falo, ya toshe duk wata kafa da tsummoki. Shi kuwa ya ce a zaure zai riƙa kwana da gora, don tsaron ƙofa.

Washegari da safe Mairama ta kawo masa koko tana dafe da goshi.

"Malam, kaina kamar shi tsage. Ɗakin nan wani wari shikai, kamar tahwarnuwa ta ruɓe. Zulai ma sau biyu tana amai."

"Zazzaɓin damina ne. Gidan wa ba a yin shi yanzu?"

"To ka bari mu kwana wajen matar Ado, ko a buɗe taga."

"In kin tahi can ki ce musu mi? In sunka tambaye ki abin da yah hana ki kwana ɗakinki, mi za ki ce? So kike gobe su Ado su shigo su kwashe mu tas?"

"Ado ne za shi yi muna sata? Malam, ka ji tsoron Allah."

"Ke ba ki san yunwa ba. Ni na ga abin da taka sa mutane su yi. Gobe kaɗai, Mairama. In anka gama zanga-zangar nan lahiya, jibi in maida kayan."

Mairama ta juya ta koma wajen ɗiyarta. Mace ce mai haƙuri, kuma ita ba ta san abin da aka cusa a buhunan ba, don bai gaya mata ba. Da yamma ya sayo maganin zazzaɓi a kemis, ya haɗo da dabino uku. Zulaihat tana kwance a tabarma. Ta karɓa ta riƙe a hannu, ba ta ci ba. Ya tsaya yana kallonta, zuciyarsa ta gaya masa gaskiya sarai. Har ya kai hannu zai cire tsumman taga, sai ya ji samari sun wuce ta bayan gida suna maganar gobe. Ya janye hannunsa.

Ranar zanga-zanga gari ya waye da hayaniya. Rufa'i na zaure yana leƙen titi ta kafar ƙofa, sai ya ji wani abu ya faɗi a cikin gida. Ya shiga ya tarar da Mairama a bakin ƙofar falo, ta rarrafo ta kasa tashi. Zulaihat na bayanta, leɓɓanta sun canza launi, numfashinta na fita da kyar kamar ana jan zare.

Ya sunkuci yarinyar ya fita babu takalmi. Ƙofar da ya fara bugawa ta Ado ce.

Ado bai tambaye shi komai ba. Ya ƙwala wa matarsa kira ta je wajen Mairama, ya tayar da mashin da ɗan man da ya rage masa. Babban titi ya cika maƙil da mutane, samari da magidanta har da tsofaffi, suna ɗaga ganye suna cewa yunwa suke ji. Rufa'i ya ce a ransa shi ke nan, ba za su wuce ba. Sai wani mai jar hula ya hango yarinyar ya ɗaga murya.

"Ku ba su hanya! Marar lahiya ce! Ku buɗe!"

Taron ya dare biyu. Har wasu suka riƙa gudu a gaban mashin suna kore mutane.

A asibiti nas ta karɓe ta, ta duba idonta, ta shinshina rigarta.

"Baban yarinya, mi tac ci? Akwai wani magani ko guba a gidan?"

Ado na tsaye a gefensa. Kun san abin da Rufa'i ya ce? Ya ce, "Babu komai. Zazzaɓi ne."

Nas ta dube shi da kyau. "Malam, ba hira nika yi da kai ba. In ba ka hwaɗa min gaskiya ba, ban san abin da zan yi mata ba."

Sai a lokacin bakinsa ya buɗe. Ya faɗi waken, ya faɗi ƙwayar, ya faɗi tagogin da ya toshe. Nas ta yi salati ta ruga da yarinyar ciki. Ado ya ja da baya yana kallonsa kamar yau ya fara ganinsa, sannan ya juya ya koma ɗauko Mairama.

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Kafin azahar Zulaihat ta cika. Mairama kwananta shida a gadon asibiti, ba ta ga jana'izar ɗiyarta ba.

Maƙwabta ne suka ɗaure hancinsu da rawani, suka ɓalle tagogi, suka fito da buhunan tsakar gida don iska ta buge su. Buhu ashirin suka kwana huɗu a fili, a unguwar da yara ke kwana da yunwa, ko ƙwayar wake ɗaya ba a taɓa ba. Kwanakin zaman makoki kuwa, gidajen nan masu cin tafasa su suka riƙa aiko da abinci, wannan ɗan tuwo, wancan ɗan kunu. Rufa'i yana zaune a tabarma ana ajiye kwanukan a gabansa, ya kasa ɗaga ido ya ga mai kawowa.

Da aka sallamo Mairama, a zaure ta tsaya. Ta roƙi matar Ado ta shiga ta haɗo mata kayanta.

Rufa'i ya durƙusa a gabanta. "Mairama, ki yahe min. Ina za ki?"

"Gida."

"Gurbin Bore? Ke kin san yadda hanyar nan take. Ko wancan mako an tare mutane."

Ta gyara lulluɓinta. Muryarta ba ta tashi ba, kuma ba ta yi kuka ba.

"Na sani, Malam. Amma can, in mutuwa za ta zo, daga daji taka hitowa, muna jin ƙarar mashinanta mu ɗauki ɗiyanmu mu gudu. Nan kuwa kai kak kawo ta da hannunka, kat toshe muna taga."

Ado ya ɗaure jakarta a bayan mashin, ya kai ta tasha.

Jikokina, abin da nake so ku riƙe ke nan. Tsada gaskiya ce, yunwa gaskiya ce, kuma ba laifi ba ne mutum ya yi tanadi don iyalinsa. Amma idan tsoron gobe ya kai ka ga ɓoye wa matarka gaskiya, ka mai da maƙwabcinka ɓarawo tun bai taɓa maka komai ba, ka ji gargaɗin wanda ya fi ka sani ka taka, to tsoron nan ya fi talaucin da kake gudu haɗari. Kada saƙon wayar wanda ba ku sani ba ya fi muku nauyi a kan maganar wanda ke kwana a ɗakinku. Maganin ƙwarin hatsi kuma guba ne, ba a kai shi inda mai rai ke numfashi, ko na dare ɗaya. Hatsi ana noma wani, kuɗi ana samun wasu. Amma rai, wanda aka ba ka amanarsa, idan ya tafi ya tafi. Allah Ya kawo mana sauƙin rayuwa, Ya tsare mu da aikin da-na-sani.