Ƙwaya Bakwai da Bushira ta Bari

A Tsarnawa akwai wani matashi ɗan kabu-kabu mai suna Mutari. Yana da kirki, amma ba shi da haƙuri ko na sisin kwabo. Ko shayi ba ya bari ya huce. Shi ya sa abokansa suka laƙaba masa Gaugawa.

Wata huɗu bayan rasuwar matarsa Bushira, yana kwashe kayanta sai ya tsinci wani ƙullin tsumma cikin kwanonta. Ya kwance, ya ga ƙwaya bakwai dogaye, masu tauri kamar tsakuwa. Nan take ya gane su. Irin itacen nan ne mai jan fure da ke bakin lakwal ɗinsu, wato makarantarsu ta boko, tun suna yara, wanda aka sare bara. A ƙarƙashinsa ya fara yi mata magana. Ta sha ce masa za ta shuka shi a tsakar gidansu, furen ya riƙa zubo mata a kan tabarma.

Tun ranar jana'iza ba a ga haƙoransa ba sai ran nan. Ya fito da gudu.

"Inna! Inna, diba! Iccen Bushira na!"

Mahaifiyarsa Kyauta ta karɓa, ta jujjuya su a tafin hannu, ta mayar masa a ƙulle. Bai tsaya dubawa ba ya haye babur sai Ƙonni, wajen Baba Alkasum mai renon itatuwa.

Tsohon ya ce, "Wanga iri barci garai mai nauyi. Ka tafasa ruwa, ka sauke, ka zuba musu, su kwana ciki. Sa'an nan ka shibka. Ka ji na ce ka sauke?"

"Na jiya, Baba!" Ya riga ya tada babur.

A gida ya hura wuta yana waƙa. Ruwa ya tafasa, sai ya tsaya yana lissafi. Ai dai laushi ake nema. Wake ma da ke kwana a jiƙe, in an bar shi a kan wuta ba ya kai azahar. Me zai sa ya jira gobe? Ya juye ƙullin cikin tukunya, ya ƙara itace. Ƙwayoyin suka kumbura, suka yi taushi. Ya kwashe su yana tsalle, ya shuka su a jere kusa da randa, ya kewaye da ƙaya saboda awaki.

Kullum kafin ya fita aiki sai ya durƙusa ya gaishe su. Kwana goma, shiru. Ran na sha ɗaya ya kasa daurewa, ya tona. Wari ya buge shi. Duk sun ruɓe.

Ya zauna a ƙasa, hannunsa duk laka. "Inna, na kashe su. Abin da ta bar mini ke nan, na dahe shi kamar wake."

"Nawa ka tono?"

Ya ƙirga ramukan. "Shidda."

"Nawa ta bari?"

Ya ɗago kai. Inna ta kwance haɓar zanenta, ga ƙwaya ɗaya.

"Ni na haihe ka, Gaugawa. Wata bakwai ka yi ka hito, ko cikin ba ka bari ya cika ba. In ba ka duka?"

Ya yi dariya, hawaye na zuba. Wannan karon ya sauke tukunyar, ya bar ƙwayar ta kwana a ruwa, ya shuka. Sau uku hannunsa na kai wa ƙasar, yana janyewa. Ran kwana tara da safe, wani ɗan kore ya ɗago ƙasa da kansa, a sunkuye kamar mai jin kunyar surukai. Ihun Mutari ya sa har maƙwabta suka leƙo.

Baba Alkasum ya ce sai itacen ya shekara biyar kafin ya yi fure. Mutari ya ce, "Ina nan. Tabarmarta ma tana nan."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abu mai rai yana da lokacinsa, ƙarin wuta ba ya matso da shi kusa. In wanda ya sani ya ba ka shawara, ka tsaya ka ji ƙarshenta kafin ka tashi. Mutari ya yi dace da uwar da ta ɓoye masa ta bakwai. Ba kowa ke da ta bakwai a haɓar zane ba.