Lafiya Lau ɗin Saje

Akwai wani tsohon soja da ya yi shekara goma sha takwas cikin kaki, ya ajiye aiki, ya ce shi kuma yanzu alli zai riƙe. Ya nemi gurbi a jami'a don ya karanci aikin koyarwa, aka ba shi. Yawancin 'yan ajinsu ya kusa haifarsu, don haka ba mai kiran sunansa. Saje kawai suke ce masa.

Jama'a, mutumin nan akwai ƙoƙari. Ba ya fashi, ba ya latti. Kafin mai shara ta gama share aji ya iso. Yara suna ta zolayarsa wai son karatu ne zai kashe shi. Ina! Kujera yake zuwa kamawa. Ta can ƙarshe a kusurwa, inda bayansa zai jingina da bango, idonsa kuma na ganin ƙofofin ajin duka biyu. In ba a nan ya zauna ba, ko kalma ɗaya ba ta shiga kansa.

Ranar rajista an ba shi takarda ya cike. A ciki akwai tambaya: "Kana da wata larura da kake so makaranta ta sani?" Saje ya dubi hannuwansa biyu, ya dubi ƙafafunsa biyu, ya rubuta "Babu" har ya ja layi a ƙasa. A wurinsa mai larura shi ne wanda ya dawo daga daji da sanda, ko ba ido. Shi da ya dawo da ƙafarsa, wace larura kuma?

To, sai jarrabawa ta zo.

A babban zaure ake yi, mutum ɗari huɗu, kowa da lambar kujerarsa. Tasa ta faɗo tsakiya. Aka rufe ƙofofi. Masu sa ido suka fara zagaye, yana jin takun takalmi a bayansa, ga doka ba a waiwaye. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Yana cikin fama da tambaya ta farko, sai wani teburin ƙarfe ya kife a can baya, gwaram!

Bai san lokacin da ya shige ƙarƙashin tebur ba, hannu a ka, yana ihu, "Ku kwanta! Ku kwanta!" Zauren ya yi tsit, sannan aka kwashe da dariya. Ya miƙe, ya kaɗe wandonsa, ya fita. Sauran jarrabawa biyu ko ƙofar zauren bai je ba.

Bayan sati uku aka ba shi takardar gargaɗi. In ya sake faɗuwa a zango na gaba, makaranta za ta sallame shi.

Matarsa ce ta tsinci takardar a aljihu za ta yi wanki. Ta same shi a tsakar gida yana goge takalmi.

"Baban yara, mene ne wannan? Me ya faru?"

"Lafiya lau."

"Ba ka barci, ko murfin tukunya ya faɗi sai ka zabura, yara sun daina wasa in kana gida. Kullum lafiya lau?"

"Na ce miki lafiya lau."

Ta kwashi wankinta. Shekara shida ke nan tana jin amsar nan, har ta gaji da kuka a kanta.

Akwai ofishin ba ɗalibai shawara a makarantar, kullum ta gabansa yake wucewa. Wata rana shugaban ajinsu ya ɗan yi masa maganar wurin cikin ladabi. Saje ya zare masa ido. "Ni ka ga na yi kama da mahaukaci?" Daga ranar ba wanda ya sake.

Saura kwana goma jarrabawar zango na biyu, aka liƙa jerin kujeru a allon sanarwa. Saje ya bi da yatsa har ya ga lambarsa. Ɗari biyu da sha uku. Tsakiyar zaure kuma.

Wallahi nan take ya juya ya bar allon. Ya lallaɓa ya zauna a benci kusa da ɗakin mai gadi. Ya san ba zai iya zama a kujerar nan awa uku ba. Ya kuma san in bai zauna ba, karatu ya ƙare, sai ya koma gida ya dubi idon matarsa da 'ya'yansa.

Mai gadin wani dattijo ne mai furfura, ɗalibai na ce masa Baba. Ya miƙo masa ruwa a kofi.

"Saje, yaya dai?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ƙarya kake," in ji Baba, ko murya bai ɗaga ba.

Saje ya ɗago a fusace. Baba ya zauna kusa da shi, amma ta gefen da zai gan shi, ba ta baya ba.

"Tun ranar da ka fara shigowa na gane ka. Duk makarantar nan kai kaɗai ke duban rufin gini kafin ka shiga. Ni ma kofur ne, shekara ashirin da biyu. Bari in tambaye ka, tunda ka riƙe yara a daji. Sojan da ya ji rauni a ƙafa, ya ɓoye maka, ya ce lafiya lau, me kake yi masa?"

"Hukunta shi nake yi."

"Don me? Ai jarumta ya yi."

"Wace jarumta? Gobe ƙafar ta kumbura, mutum huɗu za su ajiye bindiga su ɗauke shi. Ya jefa kowa cikin haɗari. Doka ce, ka ji rauni ka kawo rahoto."

"To, su wa ke ɗauke da kai a gida?"

Saje ya ajiye kofin ruwan a benci.

"Ni shekara goma na yi ina cewa lafiya lau," in ji Baba. "Ranar da na je asibiti na faɗi gaskiya, uwar 'ya'yana ta riga ta tafi. Na sami sauƙi, amma ban sami wanda zan gaya wa ba. Ga ofishin ba da shawara can. Yau ƙarfe huɗu suke rufe karɓar sunayen masu buƙatar wuri na musamman a jarrabawa. Yanzu uku da kwata."

Ku ji fa, mutumin da ya shiga daji ana ruwan harsashi, sau uku yana zuwa ƙofar ofishin nan yana wucewa. Ya je, ya ga ɗalibai biyu a baranda, ya yi kamar famfo yake nema. Ya dawo, ya kama mariƙin ƙofa, ya saki. Me yara za su ce? In aka rubuta a takardunsa fa, wa zai ba shi aji ya koyar? Ya duba agogo, huɗu saura minti goma sha biyu. Ya ƙwanƙwasa.

Malamar da ke ciki mace ce mai sanyin magana. Ta lura da yadda idonsa ya zagaye ɗakin, ta ce, "Zaɓi kujerar da ta yi maka. In bar ƙofa a buɗe?"

Ya gyaɗa kai, amma bai zauna ba.

"Yaya kake?" ta tambaye shi.

Amsar nan ta zo masa har bakin leɓe. Ya haɗiye ta. Sai ya haɗe ƙafafu, ya miƙe sambal kamar yana gaban kwamanda.

"Malama, na zo kawo rahoto. Na ji rauni. Shekara shida ke nan."

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi masa kallon tausayi ba. Ta ce, "An karɓi rahoto, Saje. Zauna." Kafin huɗu ta sa sunansa a jerin. Ta gaya masa abin da ke damunsa ciwo ne sananne, ba hauka ba ne, yana kama mutanen da suka ga tashin hankali, kuma ana samun sauƙinsa. Abin da ya faɗa a ɗakin ba zai shiga takardun karatunsa ba. Ta haɗa shi da likita, ta sa masa ranar dawowa duk sati.

Kada ku ce daga nan komai ya wuce. Ranar jarrabawa an sa shi a ƙaramin ɗaki, su shida, bayansa a bango, ƙofa a buɗe. Ana tsakiyar rubutu iska ta bugo wata taga, garam! Ya zabura har kujera ta ja baya. Ya kama bakin tebur gam. Ya ja numfashi a hankali yadda malama ta koya masa, yana lissafa abin da idonsa ke gani: allo, agogo, fanka, ƙofa, takardata. Minti biyar ya yi a haka. Sannan ya ɗauki biro ya ci gaba, har aka ce lokaci ya cika.

Sakamako ya fito. Bai zo na ɗaya ba, ko kusa. Amma ya haye duka, kujerarsa ta kusurwa tana nan tana jiransa.

Da ya koma gida ran nan, matarsa na shanya kaya. Ta tambaye shi kamar kullum, ko juyowa ba ta yi ba, don ta san amsa.

"Baban yara, yaya jikin?"

"Yau da ɗan sauƙi. Jiya kam na sha wuya. Zo ki zauna in gaya miki."

Rigar da ke hannunta ta faɗi ƙasa. Ta juyo, hawaye na zuba, tana dariya.

"Shekara shida ina roƙon Allah in ji ka ce ba ka da lafiya."

Darasi: Ba kowane rauni ke zubar da jini ba, kuma wanda ya ɓoye nasa, iyalinsa ne ke ɗaukarsa. Neman taimako ba ragwanci ba ne. In akwai tsohon soja a ajinku ko a gidanku, kada ku yi masa dariya, kada kuma "lafiya lau" ɗinsa ta ishe ku. Ku tura wannan labari ga wasu, wataƙila yau akwai wanda ke tsaye a bakin ƙofa ya kasa ƙwanƙwasawa.