Kurmin da Gatari Bai Taɓa Shiga Ba

Akwai wani mutum mai kurmi a bayan gari, gadon ubansa. Duk taron da ya zauna sai ya ce, "Ni kam shekara ashirin ke nan gatari bai shiga kurmina ba. Ko asuwaki ban taɓa karya a ciki ba." Wannan kuwa gaskiya ne. Sai dai hayaƙi yana tashi a gidansa safe da yamma kamar na kowa, ƙofofinsa duk na katako ne masu kauri. Ba wanda ya tambaye shi inda itacen yake fitowa, gama mutum ne mai baki. In ka yi masa tambaya ɗaya da hantsi, sai tuwonka na rana ya huce bai gama amsa ba.

Kurminsa ya yi iyaka da na wata gwauruwa, ana ce mata Iya Rahila. Ita tana sara, ba ta ɓoyewa. Takan rage rassa ta yi girki. In ta sare itace ɗaya sai ta dasa uku, kututture kuma in ya yi toho ta bar masa biyu masu ƙarfi ta cire sauran. Da ɗorawa da kaɗanyar kurmin take ci take sha. Kafin mijinta ya rasu ya zaɓi manyan itatuwa goma sha biyu, ya ce waɗannan iyaye ne, su za su riƙa zubar da iri, ba a taɓa su. Ya yi wa kowanne shaida da wuƙa a jikin ɓawo, tsaga uku kamar sawun kaza. Duk garin an san shaidar nan.

Ga abin da maƙwabcin nata yake yi. Ranar kasuwa, in gari ya watse, Iya ma ta tafi sayar da daddawa, sai ya kira masu zarto daga wani ƙauye, ya nuna musu itatuwanta ya ce nasa ne. Da haka iyaye biyar suka tafi. Iya ta kai kuka wurin dagaci, mutumin kuwa yana zaune a wurin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ake gani da gatari kullum, in itace ya ɓace wa za a tambaya?" Mutane suka gyaɗa kai.

Ana nan sai aka yi shela cewa malamin daji zai zo duba kurmin kowa, domin daga can rafin da gari ke sha yake fitowa. Wanda ya fi kula da nasa za a kafa allo da sunansa a bakin kurmi. Wanda aka samu yana lalata nasa, za a karɓe a damƙa wa mai allon ya riƙe. Iya ta ji, ta koma ta ci gaba da ban ruwa ga dashenta. Mutumin kuwa ya tafi ya share inda za a kafa allon.

Ranar ta zo. Malamin daji ya fara da kurmin mutumin, bai yi taku ashirin ba ƙaya ta kama masa wando. Sarƙaƙiya ta shaƙe ƙananan itatuwa, busassun rassa sun taru jibgi suna jiran ashana ɗaya. Ya rubuta abin da ya rubuta. A kurmin Iya ya ga dashe ko'ina, amma ya ga manyan kututture biyar.

Ya ce, "Iya, wa ya sare waɗannan?"

Ta ce, "Yallaɓai, da na sani ai da ban bari ka sha wahalar tambaya ba."

Aka taru a ƙofar dagaci don jin hukunci. Sai ga mutumin ɗauke da sabon bencinsa, rabin gungumen maɗaci, an fere sama ya yi sumul, ƙasan kuma da ɓawonsa. Ya ce, "Babban baƙo ba ya zama a tabarma." Malamin daji mutum ne mai jiki. Da ya zauna, benci ya karkata hagu, ya dawo dama.

Malamin ya shafa katakon ya ce, "Itace mai kyau. Daga ina?"

"Iska ce ta kayar da shi a kurmina, yallaɓai."

"Ban ga maɗaci a naka ba."

"Shi kaɗai ne. Shi ya sa iskar ta same shi."

Aka yi dariya. Benci ya sake karkata. Dagaci ya ce a sa masa dutse a ƙarƙashin ƙafa. Mutumin ya ce, "Wane dutse, ranka ya daɗe? Ƙafa ce ta saki, bugu ɗaya ne." Ya ta da baƙon, ya ɗauki dutsen, ya kife bencin da hannunsa a tsakiyar taro.

Ga sawun kaza a jikin ɓawo, tsaga uku.

Iya ta taso a hankali, ta sa yatsunta uku cikin tsagar. Ta ce wa gungumen, "Sannu da hanya. Ashe nan ka koma."

Dagaci ya dubi mutumin ya ce, "Maƙwabci, iskar nan taka, ranar kasuwa kaɗai take kaɗawa?"

Mutumin da ba a taɓa jin bakinsa ya mutu ba ya tsaya da dutse a hannu, bai buga ba, bai ajiye ba. Malamin daji ya ce a miƙo masa tabarma. A kanta ya zauna ya rubuta sunan Iya Rahila.

To, ma'anar wannan misali ita ce: kurmin nan shi ne abin da Ubangiji ya damƙa a hannun kowannenmu, ko gona, ko gida, ko ƙarfi, ko baiwa. Bai ba mu don mu kulle mu riƙa nuna wa mutane ba. Ya ba mu mu yi aiki da shi, mu ci, mu dasa, mu bar iyayen iri saboda masu zuwa. Mai sara yana dasawa ya fi wanda ya naɗe hannu ƙaya ta cinye nasa.

Mutumin kuwa mun san shi. Shi ne mai ɓoye sabulunsa ya yi wanka da na wansa, sa'an nan ya ce wansa almubazzari ne. Shi ne mai cewa bai taɓa yin gulma ba, alhali kullum yana aron bakin wani. Tsabtar da ka samu ta wurin zuba shararka a ƙofar maƙwabci, Allah ba ya kiranta tsabta.

Mutane saman benci suke gani, inda aka fere. Ubangiji ya san abin da ke jikin ɓawo. Saboda haka kowa ya je gida ya kife bencinsa ya duba tun yana shi kaɗai, ya mayar wa mai kaza kazarta. In ka ƙi, wata rana ƙafa za ta saki a gaban jama'a, kuma da hannunka za ka kife shi.