Akushin Sarki da Faɗuwar Mantau

An yi wani sarki a Birnin Ƙirya mai suna Hamidu, mutum ne mai kyauta da ƙaunar talakawansa, sai dai Allah ya jarrabe shi da saurin fushi, kuma ya ɗauka duk abin da ya fito daga hannunsa alheri ne, ko a wace sa'a ya fito. Tsakanin birninsa da garin Gawo akwai wani tafki mai yawan kifi, wanda kakanni suka daɗe suna zubar da jini a kansa, har dattawan ɓangarorin biyu suka gaji, suka ƙulla yarjejeniya cewa kowace shekara bayan kaka kowane gari zai fito da ɗan kokawa ɗaya, garin da nasa ya yi kaye shi ke da kamun kifin tafkin a wannan shekara.

Shekara bakwai a jere Birnin Ƙirya na cin kifi, albarkacin wani ƙaƙƙarfan saurayi da ake kira Mantau. Jama'a suna ganin ƙwanjin Mantau suna ta yi masa kirari, amma ba su kula da wani tsoho da ke biye da shi da goran kunu ba. Sunan tsohon nan Cindo, tsohon ɗan kokawa ne, shi ya reni Mantau tun yana maraya, ya koya masa kamu da kaye, ya kuma koya masa abin da ya fi su muhimmanci, wato lokacin ci. Ranar karawa, da sassafe yakan ba shi tuwon dawa daidai cikinsa. Daga nan ba ya ƙara ba shi komai sai azahar ta gota, sa'annan ya ba shi kunu mai ruwa ludayi biyu da dabino uku. Da la'asar a shiga fage. Idan an tashi, gumi ya bushe, sai ya kawo masa fura da nono, ya biyo da nama, ya zauna yana kallonsa har ya ƙoshi.

A shekara ta takwas sarki ya ga ya kamata ya girmama jarumin nan. Ranar karawa, la'asar ta kusa, makaɗa har sun fara ɗumama ganguna, ya sa aka kira Mantau fada, aka ajiye masa akushin sarki, cike da tuwon shinkafa da miyar taushe, man shanu na yawo a sama, ga tsokar rago. Al'adar birnin kuwa ita ce duk wanda aka ba akushin sarki sai ya cinye shi tas a gaban sarki, domin ragi raini ne.

Cindo ya durƙusa a bakin zaure ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan karamci ya fi ƙarfin godiyarmu. Roƙo ɗaya nake yi, a rufe akushin nan a ajiye masa har ya fito daga fage. Cikin da ya cika yanzu ba zai bar ƙafa da numfashi su yi aikinsu ba."

Fadawa suka yi caa a kansa. Wannan ya ce tsohon nan ya saba horon yaro da yunwa, wancan ya ce hassada ce don ba shi aka ba ba. Sarki ya haɗe fuska ya ce, "Cindo, abincin gidana ne zai raunana mutum?" Tsoho ya sunkuyar da kai. Mantau ya dubi ubangidansa, ya dubi sarki, ya wanke hannu ya ci har ya suɗe akushi.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗi. Ba a yi kamu uku ba Mantau ya fara haki, wani ciwo ya soke shi a kwiɓi, ɗan kokawar Gawo ya ɗaga shi ya nana shi da ƙasa, Mantau ya tashi yana amai a gaban garuruwa biyu. Kafin ƙura ta lafa fadawa sun gama shari'a, sun ce an ga Cindo ya ba shi kunu da rana, lalle mutanen Gawo sun saye shi ya zuba masa sammu. Sarki, cikin zafin kunya, bai tambayi kowa ba, ya ce a fitar da tsohon daga ƙasarsa kafin rana ta faɗi, kada ya ƙara taka ta. Aka kore shi da sandarsa da goransa, mutumin da ya haura shekara saba'in. Mantau ya san gaskiya sarai, amma harshensa ya kasa furta cewa tuwon sarki ne ya kayar da shi, kuma wannan shiru ya zame masa ciwon da bai warke ba.

Shekara ta zagayo. Sarki ya ce bana babu maci amana, ya sa aka ƙara wa akushi nama. Mantau ya ci, ya shiga fage, ya faɗi kamar bara.

Washegari sarki ya kira alƙalin birnin, Malam Zubairu, dattijo mai ilimi da ƙarancin magana, ya ce masa, "Allah gafarta Malam, ina da mas'ala. Bara na ce kunun Cindo ne ya kayar da Mantau. Bana babu Cindo, babu kununsa, na ciyar da yaron da mafi kyawun abin da ke gidana, ga shi ya sake faɗuwa. Fadawa sun ce sammun ne bai sake shi ba. Ina so ka gano mini haƙiƙanin al'amarin. Idan tsohon nan na da laifi, ya mutu a inda yake. Idan ba shi da shi, in dawo da shi."

Alƙali ya ce, "Ran sarki ya daɗe, mas'alar nan tana bukatar shaida ɗaya wanda babu mai iya ƙaryata shi a birnin nan, kuma ban san wani mai wannan matsayi ba sai kai. Ka ara mini kanka kwana biyu, ka ci abin da na ce a lokacin da na ce, ka taka da ƙafarka daga ƙofar fada zuwa bakin tafki da sauri, ba tare da ka tambaye ni dalili ba."

Sarki ya yi mamaki, amma ya yarda. Rana ta farko alƙali ya sa sarki ya ci tuwo da sassafe, bayan azahar ya ba shi kunu ludayi biyu da dabino uku. Da la'asar suka kama hanya, sarki na gaba, dogarai na bin sa da ƙyar, ya isa bakin tafki yana dariya yana cewa ashe har yanzu da sauransa. Rana ta biyu, ana gab da la'asar, alƙali ya sa aka kawo akushin nan, da tuwonsa da man shanunsa da namansa, ya ce, "A cinye, ranka ya daɗe, kamar yadda al'ada ta ce." Sarki ya cinye, suka fita. Ba su kai rabin hanya ba ya dafe kwiɓinsa, numfashi ya gagare shi, zuciyarsa ta fara tashi, ya zauna a gindin wata tsamiya, gumi na zuba daga ƙarƙashin rawani.

Alƙali ya tsuguna kusa da shi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, hanyar jiya ce, ƙafafun jiya ne, kuma ba wanda ya yi maka sammu. Abincinka halal ne, mai kyau ne, ba a taɓa samun aibi a cikinsa ba. Sa'ar da aka ba da shi ce ba tasa ba. Da an jinkirta shi zuwa bayan kokawa, da ya zama magani ga jikin da ya gaji. Kai tafiya kawai ka yi, shi kuwa Mantau ƙato ya rungume shi a kan wannan cikin."

Can sarki ya ce, "Wannan ai ita ce maganar da Cindo ya faɗa mini a bakin zaure."

Alƙali ya ce, "Ita ce, ranka ya daɗe, kuma ina wurin na ji ta. Zuciyata ta gaya mini gaskiya ya faɗa, amma na ga fuskarka na ji tsoro, na ce bari fushi ya huce in yi magana. Fushi ya huce, ni kuma na ci gaba da jinkiri har shekara ta cika. Ina da rabo a cikin wannan zalunci."

Tun a gindin tsamiyar sarki ya ba da umarni a nemo Cindo duk inda yake, a ɗauko shi a kan doki, a sa masa alkyabba. Mantau ya roƙa a bar shi ya je da kansa. Kwana tara yana tambaya ƙauye ƙauye, har ya kai wata rugar Fulani a bayan iyaka, inda wata tsohuwa ta nuna masa wani tudun ƙasa da aka kewaye da ƙaya. Ta ce baƙon ya rasu tun farkon damina. Ta shiga bukka ta fito da goran kunu da wani ƙullin tsumma, ta ce ya bar wasiyya a ba wani mai suna Mantau in ya zo.

Mantau ya dawo ya ajiye su a gaban sarki, ya kwance ƙullin, sai ga dabino uku sun bushe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, matar ta ce har ya cika bai ambace ka da mugun abu ba. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, a gaya wa sarki ya ci gaba da ba yaron akushi, amma don Allah a bari sai ya fito." Daga nan kuka ya ci ƙarfinsa, ya ce, "Baba ya rene ni, na san gaskiyarsa, na yi shiru don kunyar tuwo." Sarki ya rufe fuskarsa da gefen rawani.

Bayan kwana uku sarki ya tara jama'a, ya sa wa alƙali alkyabbar da aka tanadar wa Cindo, ya naɗa shi babban mai ba shi shawara, ya ce ya roƙi abin da yake so. Alƙali ya roƙi abu biyu: sanƙira ya zaga kasuwa ya shelanta cewa Cindo bai ci amana ba, sarki ne ya yi kuskure, sa'annan kada a ƙara zartar da hukunci a birnin a ranar da aka yi fushi. Sarki ya cika duka biyun, ya kuma sauya al'adar akushi, ya zama ba a kai wa ɗan kokawa shi sai bayan ya fito daga fage.

A shekarar da ta biyo Mantau ya sha kunu ludayi biyu, ya ci dabino uku, ya yi kaye, tafki ya dawo hannun Birnin Ƙirya. Gari ya cika da guɗa. Aka kawo masa akushin sarki a bakin fage, ya buɗe, ya waiga wurin da tsohon ya saba zama yana kallonsa, ya mayar da murfin ya rufe.

An ce har ƙarshen ransa Sarki Hamidu yakan gaya wa duk wanda ya naɗa a kan jama'a cewa: adalci ma yana da sa'arsa, idan ka gaggauta hukunci ka zalunci mai rai, idan ka jinkirta gyara sai ka kai wa kabari haƙƙinsa.