Kwalabe Goma Sha Ɗaya na Mutanen Lambara

Akwai wani mutum a Lambara mai suna Maniru, tsohon soja ne da ya dawo gida ya kama noman albasa. A lokacin yaƙi harsashi ya same shi a cinya, aka ƙara masa jinin wani da bai taɓa sanin sunansa ba. Shi ya sa ba ya ɗaukar maganar jini da wasa.

A bazarar 1982, lokacin da ko sabulu sai an yi layi kafin a samu, wata mota mai lasifika ta zagaya ƙauyuka. Ta wata ƙungiyar taimako ce daga Bodinga, shugabanta Alhaji Surajo. Aka ce ranar Asabar da ƙarfe takwas za a karɓi gudummawar jini a wata firamare a Shagari, don asibiti babu ko ɗigo.

Mutane suka tsorata. Maniru ya riƙa bi gida-gida yana lallashi.

Maƙwabcinsa Ladan ya ce, "An ce in anka ɗebi jinin mutum, ba shi ƙara ƙarhi."

Maniru ya ce, "Ƙarya ta. Kwana kaɗan jikinka shi mai da abinai. Ku zo bisa amanata."

Mutum ashirin da uku suka yarda. Ranar Asabar suka bar ban-ruwan fadama suka kama hanyar Shagari, wasu a keke, wasu a ƙasa.

Sun isa suka tarar da aji a kulle. Sai ƙarfe goma wata ma'aikaciyar jinya mai suna Kaltume ta zo da akwatin kayan aiki. Alhaji Surajo kuwa sai sha biyu ya iso, da kujeru da rumfa. Ya ce ba za a taɓa kowa ba sai babban baƙo ya zo daga Sakkwato tare da mai ɗaukar hoto.

Maniru ya rusuna ya ce, "Ranka shi daɗe, mutanen ga tun sahe ba su ci komi ba. A fara mana."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Tsohon soja, nan ba bariki ba ne. Wanda ya gaji ga hanya."

Baƙo bai zo ba sai bayan azahar. Aka yi jawabai, aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Da aka buɗe akwati, ashe kwalabe goma sha ɗaya ne kacal. Mutum goma sha biyu aka ce su koma gida, an gode.

Waɗanda aka ɗebi nasu ko ruwan shayi ba a ba su ba. Ladan na miƙewa jiri ya kwashe shi ya faɗi. Wata mai tallar fura ce ta tausaya ta dama masa.

Wannan duk mai sauƙi ne. Motar da za ta kai jinin asibiti ta bi ayarin rakiyar baƙo, ba ta dawo ba. Babu ƙanƙara, babu firji. Kwalaben suka kwana a cikin aji, cikin zafin bazara. Washegari Kaltume ta haƙa rami a bayan makaranta ta zubar da su tana hawaye.

Kafin kasuwa ta ci labari ya kai Lambara. Ba wanda ya zagi Maniru. Sai dai idan ya doso majalisa, hira ta mutu.

Bayan wata huɗu, ana tsakiyar noman damina, Shatu, matar wani ɗan garin mai suna Ummaru, ta haihu, jini ya ɓalle mata. Aka kai ta asibiti. Likita ya ce kwalba uku ake nema, jinin mijinta kuma bai dace da nata ba. Maniru, wanda ya raka su, ya miƙa hannu aka ɗebi ɗaya. Kaltume, wadda take aiki a wurin, ta ce, "Baba Maniru, wannan ba za ta riƙe ta ba. Ka nemo mutane."

Ya hau keke da auduga a hannunsa, ya bi gonaki.

Wani ya ce, "Mun bayar, sun zubar."

Wani ko ɗago kai bai yi daga fartanyarsa ba.

Ladan ya ce, "Wa za shi rantse min wagga ba za a zubar ba?"

Maniru ya ce, "Ba ni iya rantsewa don kowa. Amma Shatu ta, Ladan. Da idona na gane ta."

Sai da ya kwashe fiye da awa biyu yana roƙo kafin Ladan da ƙanensa Haliru suka ajiye fartanya. Sun isa ƙofar asibiti ana kiran la'asar, suka tarar da Ummaru zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa. Shatu ta cika. Jaririyar tana hannun Kaltume.

Ranar sadakar uku, Alhaji Surajo ya biyo ta garin ya tsaya ta'aziyya. Bayan an shafa fatiha ya girgiza kai ya ce, "Matsalar mutanenmu ke nan, ba su waye da ba da jini ba."

Maniru ya ɗago jajayen idanunsa.

"Ranka shi daɗe, sun waye. Ashirin da uku na kawo maka."

Alhaji ya gyara babbar rigarsa ya nufi mota, ba wanda ya tashi raka shi.

Darasi: Wanda ya ba da jininsa kyauta ya ba ka amana ce, ba don hoto ya zo ba. Idan ka wulaƙanta ta sau ɗaya, gobe ba za a amsa kiranka ba, kuma wanda bai ji ba bai gani ba shi zai kwana a ciki. Masu shirya irin wannan aiki, ku tanadi komai kafin ku tara mutane. Mu kuma kada sakacin wani ya hana mu ceton rai. Tura wa ɗan'uwanka ya karanta.